MAN JIRGIN SAMA MAI ƊOREWA DA MANUFAR GWAMNATI A ƘASA MAI TASOWA: NAZARI DAGA KADUNA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a Kawo ko Mando a birnin Kaduna ya saba da ƙarar jirgin sama, domin sansanin mayaƙan sama na Nijeriya yana maƙwabtaka da waɗannan unguwanni, kuma kowace shekara maniyyata aikin Hajji kan taru a sansanin alhazai na Mando kafin a kwashe su zuwa babban filin jirgi da ke bayan gari. Wannan sabo kuwa ba na jiya ba ne. Tun cikin watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka Kano da Kaduna. To, amma ba kasafai mai kallon jirgi daga ƙasa yakan tambayi abin da jirgin yake sha ba, balle abin da yake amayarwa cikin sararin samaniya.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani sabon nau'in man jirgi da duniya ta fuskanta, wanda Turawa ke taƙaita sunansa da SAF. Za a duba ma'anarsa, da dokokin da aka kafa game da shi, sa'an nan a auna abin da ya kamata gwamnatin ƙasa mai tasowa irin Nijeriya ta lura da shi kafin ta tsara tata manufar. An ɗauki Kaduna a matsayin madubi, saboda ta haɗa filin jirgi, da matatar mai, da makarantun fasaha, da ƙasar noma.

2.0 Ma'anar Man Jirgi Mai Ɗorewa

Man da jirgin fasinja ke amfani da shi ɗan'uwan kananzir ne, watau irin wanda iyayenmu ke zubawa a fitilar ƙwai da risho, sai dai an fi tace shi ƙwarai. Daga cikin ƙa'idojinsa akwai cewa kada ya daskare sai sanyi ya kai digiri 47 ƙasa da sifiri, domin can sama inda jirgi ke tafiya sanyi ne mai tsanani. Daga ɗanyen man fetur ake samo shi, kuma duk kilo ɗaya da aka ƙona yakan fitar da kimanin kilo 3.16 na iskar kabon, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Zirga-zirgar jiragen sama tana da kimanin kashi 2 zuwa 3 bisa ɗari na wannan iska da ɗan'adam ke fitarwa.

Mai karatu zai iya tambaya, me zai hana jirgi ya koma amfani da batir kamar yadda motoci suka fara? Amsar ita ce nauyi. Ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na kananzir ya ninka na kilo ɗaya na batirin zamani fiye da sau 40, saboda haka jirgin da zai ɗauki alhazai daga Kaduna zuwa Jidda, tafiyar fiye da kilomita 3,000, ba zai iya ɗaga batirin da zai ishe shi ba. Wannan ne ya sa masana suka koma neman man da ya yi kama da kananzir a komai, amma ba daga rijiyar mai ya fito ba. Ana yin sa daga tsohon man girki, da kitsen dabbobi, da man tsirrai, da giyar rake ko masara da aka sarrafa, da karmami, da sharar gari.

Hikimar abin ita ce, tsiro yakan zuƙi iskar kabon yayin da yake girma, don haka idan aka ƙona man da aka samo daga gare shi, abin da ya ara ne aka mayar. Fetur kuwa kabon ne da ya daɗe binne a ƙarƙashin ƙasa, aka tono shi aka ƙara wa sama. Idan aka lissafa tun daga gona har zuwa injin jirgi, mafi kyawun wannan mai yakan rage illa da abin da ya kai kashi 80 bisa ɗari. Amma idan daji aka sare don a shuka abin da za a matse, ribar takan zube, wani lokaci ma ɓarnar ta zarce ta fetur.

A nan ɗalibin Hausa yake da ta cewa. Wasu kan kira shi "man tsirrai", alhali ba duka daga tsiro yake fitowa ba. Wasu kuma su ce "mai tsabta", alhali shi ma yana hayaƙi. An zaɓi "mai ɗorewa" a wannan maƙala domin kalmar ta ƙunshi sharaɗin da ke tattare da shi, watau kada samar da shi ya cinye ƙasa, ko ruwa, ko abincin jama'a.

3.0 Yadda Duniya Ta Iso Nan

A watan Fabrairu 2008 jirgin kamfanin Virgin Atlantic ya tashi daga Landan zuwa Amsterdam da gaurayen man kwakwa cikin ɗaya daga injunansa. A watan Disamba na shekarar nan kamfanin jiragen New Zealand ya gwada man cini-da-zugu, tsiron nan da manoman ƙasar Hausa ke shinge da shi. A 2011 hukumar auna inganci ta amince a gauraya man da aka tace daga mai da kitse har zuwa rabi da rabi da kananzir. A Afirka kuwa, kamfanin jiragen Afirka ta Kudu ya yi jigilar fasinja daga Johannesburg zuwa Cape Town a watan Yuli 2016 da man da aka matso daga irin wata taba maras nikotin. Ran 28 ga Nuwamba 2023 wani jirgin Virgin Atlantic ya ƙetare teku daga Landan zuwa New York da wannan mai zalla.

Ta fuskar doka, Hukumar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, mai mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada, ta amince da wani tsari mai suna CORSIA a 2016, lokacin da ɗan Nijeriya, Dakta Olumuyiwa Benard Aliu, ke shugabancin majalisarta. Tsarin ya tanadi cewa kamfanin da ke jigila tsakanin ƙasashe zai biya diyyar hayaƙin da ya haura wani ma'auni, amma idan ya yi amfani da man da aka tabbatar mai ɗorewa ne, sai a rage masa abin da zai biya. Daga 2021 zuwa 2026 shiga tsarin ganin dama ne, kuma Nijeriya tana cikin waɗanda suka shiga tun farko. Daga 2027 zai zama tilas ga manyan ƙasashen jigila, amma an ɗauke wa mafiya talauci da waɗanda ba su da gaɓar teku, kamar Jamhuriyar Nijar. A 2022 hukumar ta ɗauki burin kawar da illar hayaƙin jiragen ƙasa da ƙasa kafin 2050, a taron Dubai na Nuwamba 2023 kuma aka amince da rage kashi 5 bisa ɗari kafin 2030 ta hanyar sababbin nau'o'in mai.

Tarayyar Turai ta zarce haka. Ta wajabta wa masu sayar da mai a filayen jiragenta su gauraya kashi 2 bisa ɗari daga 2025, kashi 6 a 2030, har zuwa kashi 70 a 2050. Ingila ta sa kashi 2 a 2025 da kashi 10 a 2030. Cikin ƙasashe masu tasowa, Indiya ta ayyana kashi 1 a 2027 da kashi 2 a 2028 ga jiragen da ke fita waje, Brazil kuma ta kafa doka a Oktoba 2024 wadda ta sa kamfanoni su fara rage hayaƙi da kashi 1 daga 2027. Duk da haka, abin da duniya ta samar a 2024 bai wuce kimanin tan miliyan ɗaya ba, watau kashi 0.3 bisa ɗari na man jirgin da aka sha, farashinsa kuwa yakan ninka na kananzir sau biyu zuwa biyar.

4.0 Ina Ruwan Ƙasa Mai Tasowa?

Akwai masu ganin wannan magana ta mawadata ce, kuma hujjarsu ba ta da rauni. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 bisa ɗari na hayaƙin duniya ba, kuma rabonta a jigilar sama kimanin kashi 2 ne kacal. Tun a taron Rio na 1992 aka yarda cewa nauyin gyara ya rataya a kan kowa, amma ba daidai wa daida ba. Me zai sa wanda bai ci kasuwa ba ya biya kuɗin shara?

Sai dai akwai dalilai uku da suka hana a kau da kai. Na farko, illar sauyin yanayi ba ta tambayar wanda ya jawo ta. Ambaliyar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu. Na biyu, dokar waje tana iso mu ko mun so ko mun ƙi, domin jirgin da ya taso daga Turai zuwa Abuja ko Ikko ya riga ya sha gaurayen mai, kuma a kan tikiti ake fanshe kuɗin. Na uku shi ne kasuwa. Masana'antun waje suna neman abin sarrafawa ruwa a jallo, kuma idan ba mu yi tsari ba, tarihin dalar gyada zai maimaita kansa: mu noma, mu loda a jirgin ruwa, wasu su tace, su sayar mana da tsada. Bugu da ƙari, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow na Nuwamba 2021 cewa Nijeriya za ta kawar da illar hayaƙinta kafin 2060, kuma ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi cikin watan nan. Alkawari kuwa kaya ne.

5.0 Darasin Manufar 2007

Ba yau Nijeriya ta fara tsara manufar man da ake samu daga tsirrai ba. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta amince da wata manufa wadda ta tanadi gauraya kashi 10 bisa ɗari na giyar rogo da rake cikin fetur, da kashi 20 na man tsirrai cikin man gas. An yi alkawarin ɗauke haraji na shekara goma ga masu zuba jari, an kuma ɗora wa kamfanin mai na ƙasa, NNPC, nauyin sayen abin da aka samar. A takarda tsarin ya yi kyau, amma gaurayen man bai zama abin da direba ke samu a gidan mai ba.

Za a iya kawo dalilai uku. Manufar ba ta samu dokar majalisa mai ƙarfi da za ta tsaya mata ba, don haka mai jari ba shi da tabbacin gwamnati mai zuwa za ta riƙe ta. Sa'an nan tallafin fetur, wanda sai ran 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye shi, ya sa babu man da zai iya gogayya da fetur a farashi. Na uku, ba a fara da gona ba. A shekarun nan an yi ta kururuta cini-da-zugu a Afirka da Indiya, ana cewa yana yi ko a kan fako, ba ya son taki ko ruwa. Gaskiya ne ba ya mutuwa a fako, amma ba ya ba da 'ya'yan kirki sai a ƙasa mai kyau, watau ƙasar da dawa da masara ke bukata. Kamfanoni da yawa suka durƙushe, manoma suka tashi a tutar babu. Masu iya magana sun ce, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

6.0 Abin Da Kaduna Ke Da Shi Da Abin Da Ta Rasa

Ta fuskar ilmi, yankin nan ba shi da na biyu a ƙasar. Akwai Cibiyar Fasaha ta Mayaƙan Sama a Mando, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada. A Zariya akwai Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Sama da aka kafa a 1964, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Basawa. Babban filin jirgin Kaduna, wanda aka buɗe a 1982, ya nuna iyawarsa a 2017, sa'ad da aka rufe filin Abuja mako shida don gyara aka karkato jirage zuwa gare shi.

Akwai kuma matatar mai da ke ƙetaren kogi, wadda aka buɗe a 1980, mai iya tace ganga 110,000 a rana, wadda ta shafe shekaru a tsaye har aka ba da kwangilar gyaranta a 2023. A Italiya da Faransa an mai da tsofaffin matatu na Venice da Gela da La Mède masu tace man tsirrai, kuma ƙa'idar inganci ta yarda a haɗa kashi 5 bisa ɗari na mai da kitse da ɗanyen mai a tace su tare cikin matata ta al'ada. Wannan ita ce ƙofa mafi sauƙin kuɗi ga ƙasar da ke da matata mai aiki. Matatar Ɗangote da ke Ikko, mai iya tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da man jirgi a 2024.

Babbar matsalar ita ce abin sarrafawa, kuma a nan ne kwaikwayon Turai zai iya ɓad da mu. A can tsohon man girki shara ne, a da har biyan mai kwashe shi ake yi. A Kaduna fa? Mai tuyar ƙosai a bakin tashar Kawo, da mai awara a Unguwar Rimi, da mai waina a Tudun Wada, ba su zubar da mai. Abin da ya rage yau shi za a ƙara wa sabo gobe, har ya ƙare. Kitsen da mahauta ke fitarwa abinci ne, ko kuwa kayan sabulu. Karan dawa shi ne danga, shi ne makamashi, shi ne abincin shanu da rani, abin da ya saura a gona kuma shi ke mai da wa ƙasa ƙarfinta. Harawa da ƙaiƙayi da dusa duk da kasuwarsu. Watau abin da littafin Bature ya kira shara, a wurin Bahaushe dukiya ce mai mai ita. Man gyada da manja kuwa ko na miya ba su wadata ba, tun da ƙasar tana shigo da man girki daga waje. Duk manufar da ta sa injin jirgi ya shiga layi ɗaya da tukunyar uwargida ta kauce hanya, domin jirgi ya fi ta kuɗi, kuma shi zai yi rinjaye.

Abin da ya rage shi ne a dubi wuraren da shara ta tabbata shara: man manyan otal-otal da masana'antun abinci, da ɓawon rogo, da tuƙar rake a kamfanonin sukari, da ƙaiƙayin shinkafa da ke tsibi a bakin injuna, da jujin birni, da 'ya'yan darbejiya da zurma waɗanda ba a ci. Kowannensu yana bukatar a ƙidaya shi a san yawansa kafin a gina masana'anta a kansa.

7.0 Matakan Da Suka Kamata

Hanyoyin da gwamnatoci ke bi iri uku ne: wajabta gauraya, ba da tallafi ko rangwamen haraji, da share fage ta fuskar bincike da ƙa'idoji. Wajabtawa ita ta fi sauƙin furtawa, ita kuma ta fi haɗari ga ƙasar da ba ta samar da ko ɗigo. Alal misali, idan sabon mai ya ninka kananzir sau uku a farashi, gauraya kashi 2 zai ƙara kuɗin mai da kashi 4, gauraya kashi 10 kuwa zai ƙara shi da kashi 20. Ba a manta da watan Mayu 2022 ba, sa'ad da ƙungiyar kamfanonin jiragen cikin gida ta yi barazanar daina tashi, tana kukan lita ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Ɗora wa irin waɗannan kamfanoni man da za a sayo da dala ƙarin kaya ne ga jakin da ya riga ya durƙusa.

Saboda haka ana ganin matakan su biyo juna kamar haka. Da fari a yi ƙidayar abin sarrafawa jiha jiha, a kuma nemi taimakon shirin horarwa da ICAO ta ƙaddamar a 2022 don ƙasashe masu tasowa. Na biyu, majalisa ta yi doka wadda ta haramta amfani da kayan abinci da sare daji, ta kuma kare gonar talaka da burtalin makiyayi daga masu neman fili. Na uku, a tanadi ɗakin gwaji da masu ba da shaidar inganci a cikin gida, domin man da ba shi da shaidar da duniya ta yarda da ita ba a lissafa shi a CORSIA, kuma ba a wasa da ingancin abin da zai ɗauki rayuka sama. Na huɗu, rangwamen haraji ya tafi ga wanda ya tace a nan, a kuma sa haraji ga mai fitar da ɗanyen kaya. Sai bayan an ga mai a tanki za a sa wa'adin gauraya, a fara da kaɗan, kuma da jiragen da ke fita waje, kamar yadda Indiya ta yi.

Jigilar alhazai tana iya zama wurin gwaji, tun da lokacinta sananne ne, hukuma ce kuma ke ba da kwangilarta, kujerun da Saudiyya ta ware wa Nijeriya a 2023 kuwa sun kai 95,000. Amma sharaɗi shi ne kada ƙarin ya hau kan maniyyacin da ya shekara goma yana tari. Daga asusun sauyin yanayi na duniya ya kamata ya fito, tun da waɗanda suka fi ɓata sama su ya dace su fi biya.

8.0 Kammalawa

An ga cewa man jirgi mai ɗorewa kananzir ne da aka samo ba daga rijiyar mai ba, kuma dokokin duniya sun riga sun sa shi a hanya. An ga kuma cewa Kaduna da Zariya suna da makarantu da filin jirgi da matata, amma abin sarrafawa bai yawaita kamar yadda ake zato ba, saboda al'ummar Hausa ba ta san zubar da abin da ke da sauran amfani ba. Manufar 2007 ta koya mana cewa sanarwa ba ta haifar da masana'anta. Aikin da ke gaban hukuma yanzu shi ne ƙidaya, da doka, da horar da ma'aikata, tun kafin 2027 ta ƙara matsa lamba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ɗaliban Hausa ma da namu rabon aikin. Manomin Giwa ko Birnin Gwari da za a zo wa da takardar hayar gona, da mai tuyar da za a nemi ta sayar da ragowar manta, da Hausa za a yi musu bayani. Idan ba mu samar da kalmomin da za su fahimci abin da ake nema gare su ba, wasu za su sa su dangwala hannu a kan abin da ba su gane ba.